Kujerar Mai Kiranberi

Ranar da labari ya zo cewa Kawu Herb ya sayar da gidansa zai koma Florida shan rana, mijina Wendell bai tambayi lafiyar tsohon ba, bai tambayi wa zai riƙe masa kyanwarsa ba. Cokali ya ajiye, ya dube ni ya ce, "Doreen, kujera ta faɗo."

Teburin Mama mutum goma sha biyu yake ɗauka, ba ƙari. Shekarar da muka yi aure, da Bikin Godiya ya zo, ranar da dangi ke taruwa cin abinci sau ɗaya a shekara, Mama ta dafa kafaɗar Wendell ta ce ya yi haƙuri ya zauna a kicin tare da yara, na bana ne kawai. Banan nan yanzu ta haura shekara ashirin. Mutum ne mai tumbi da sanƙo, mai shagon katifu, hotonsa na nan a allon talla bakin babban titi yana ɗaga wa matafiya babban yatsa. Amma duk ƙarshen Nuwamba sai ya cusa ƙafafu ƙarƙashin ɗan teburin yara, gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa, yana yanka wa 'ya'yan mutane nama. Nakan yi dariya, ban musa ba. Sai dai in na leƙo daga falo na hango ƙeyarsa tsakanin kawunan yara, tausayinsa na kama ni, don na san abin yana cinsa.

Kujerar Kawu Herb kuwa da aikinta take tafe. Mai ita shi ke kawo kiranberin da ake ci da talotalo, wato miyar wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami. Kawu Herb gwangwani yake sayowa a kanti, ya buɗe shi sama da ƙasa, ya girgiza a kan doguwar tasar gilashin Mama har daskararriyar miyar ta sulɓo ta kwanta, ja wur, da sawun zobban gwangwanin a jikinta. Sai ya bi zobban nan ya yayyanka. Tun kakanmu noman kiranberi ake yi a gidanmu, yayana Russ ke riƙe da fadamar yanzu, amma ban taɓa ganin wani namu ya dafa shi ba. Russ ya ce wanda ya yi wata guda tsaye cikin ruwan sanyi yana kora abin nan, ba ya son sake ganinsa sai ya daina kama da kansa.

Lahadin da ta biyo muka taka zuwa gidan Mama, da yake a ƙarshen layinmu yake. Russ na can ya miƙe ƙafa yana shan kofi.

"Mama," in ji Wendell, "maganar kujerar nan fa."

"Wace kujera?" Ta san wace kujera. Mama ta haura tamanin, abin da ya rage mata na nishaɗi shi ne ta sa mutum ya faɗi bukatarsa da bakinsa.

"Ta Kawu Herb."

"Wanda ya kawo mini kiranberi irin na Herb, shi zai zauna a kujerar Herb."

"To magana ta ƙare," in ji Russ. "Tina ta cika sha takwas. Kanti ga shi nan bakin titi, ko ido rufe za ta sayo gwangwani."

Tina 'yar Russ ce, kuma Wendell ne ya koya mata riƙe cokali a teburin nan na kicin. Na ga wuyansa ya yi ja.

"Gwangwani," ya ce, kamar ya taka wani abu. "Gidan da ke noman kiranberi tun kaka da kakanni, a ce ranar biki abincin kanti ake jira. Mama, ni da hannuna zan yi miki. Iri biyu ma: dafaffiyar miya, da ɗanyen kwaɗo mai ɓawon lemo. Wanda ya ɗanɗana sai ya kira Kawu Herb a waya ya tambaye shi abin da muka yi masa tsawon shekarun nan."

"Suruki," in ji Russ, "shayi fa Doreen ke haɗa maka."

"Don kada ta ga kamar ba a bukatarta ne."

Mama ta kalle shi ta saman tabarau. "A bar shi ya gwada. In ya kasa, Tina ta hau."

"Da sharaɗi ɗaya," Wendell ya ɗaga yatsa. "Kada wani ɗan gidan nan ya shigo da gwangwani ranar. Ba na son a sa mini kishiyar tasa a gefe."

Russ ya rantse da fadamarsa. A hanyar gida na ce wa Wendell akwai kiranberi a leda a kanti, wankakke, tsintacce, ga yadda ake dafawa a rubuce a bayan ledar.

"Doreen, mai son abu na gaskiya tushe yake zuwa."

Tushen kuwa shi ne fadamar Russ, ana kan ƙarshen girbi. An cika ta da ruwa, 'ya'yan sun taso sun rufe saman ruwan, ja har iya ganinka. Wendell ya ari wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya riƙe kwando.

"Na cikin ruwa na masu matsewa su yi abin sha ne," in ji Russ daga kan gaɓa. "Ba ya ajiyuwa. Je rumfa ka ɗebi wanda aka tsinta a bushe."

"Wannan na 'yan yawon buɗe ido ne."

"To ka kula, akwai kwata mai zurfi a gefen nan."

"Russ, shekara nawa na yi ina sayar da katifar ruwa? Ni za ka koya wa ruwa?"

Taku biyu ya yi, ya ɓace. Hularsa kaɗai ta rage tana shawagi cikin kiranberi. Da ya ɗago, wandon ya sha ruwa ya kumbura, ya kasa ɗaga ƙafa. Ma'aikatan Russ suka zagaye shi da igiyar robar da suke kora 'ya'yan da ita, suka jawo shi gaɓa tare da amfanin gona. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi Russ ko a ɗora shi a sikeli.

"Na sauka duba na ƙasa ne," in ji Wendell, haƙoransa na kaɗawa. "Na saman sun fi."

Ya dawo gida da buhu biyu. Na ce a zuba a firiza tunda biki da sauran makonni. Ya ce ƙanƙara na kashe ɗanɗano. Ya kai su ɗakin ƙasa, ya jingine su jikin injin ɗumama gida don su bushe.

Ana saura mako guda gidanmu ya fara wari irin na tsohon tsimi. Har maƙwabcinmu Otis ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya ko wani abu ya mutu a bango.

Otis tsohon direban motar 'yan makaranta ne, dogo, mai magana a hankali kamar ana sayar masa da kalmomi. Duk garin an san ba ya ƙarya. Ƙaryarsa ɗaya ce a duniya: tun rasuwar matarsa Edna, kowace shekara sai na gayyace shi bikin, kowace shekara sai ya ce yana da inda zai je. Inda zai je ɗin kujerarsa ce gaban talabijin, da burodi da yankan talotalo, shi kaɗai.

Ya leƙa buhun ya daɗe. "Rabi ya ruɓe," ya ce. "Mutanen da, in za su tantance, sakinsa suke yi a kan katako. Mai kyau yakan yi tsalle. Ruɓaɓɓe yakan zauna inda ya faɗi."

"Abin da nake shirin yi ke nan ka shigo," in ji Wendell.

Otis ɗan dintsi yake nufi, a kan faifan katako. Wendell ya kinkimi buhu ya hau bene, ya tsaya a matakalar ƙarshe, ya kwance bakin buhun ya juye.

Gaskiyar mutanen da ta tabbata. Masu kyau suka yi tsalle. Suka sauko bene kamar ƙanƙarar ruwan sama a kan kwano, suka watsu falo, suka shige ƙarƙashin kujeru, cikin takalma, cikin ramin iskar ɗumi, wasu suka bi ta tsakanin ƙafafun Otis suka fita titi. Ruɓaɓɓun kuma suka zauna inda suka faɗi, wato a kan kafet ɗina mai ruwan madara.

"Kun gani?" Wendell ya buɗe hannuwa. "Ilimi ke nan."

Ya sako ƙafa zai sauko. Ban ga saukowar ba, ƙararta na ji. Ya iso ƙasa a zaune, da jan layi tun daga ɗuwawu har ƙeya.

Otis ya dube shi, ya dubi benen. "Kai ba ka yi tsalle ba," ya ce.

Yana zaune a wurin Wendell ya sa muka yi masa alkawari, ni da Otis, cewa abin da ya faru a gidan nan ba zai fita ba, musamman zuwa kunnen Russ. Otis ya ce shi ba zai faɗa ba sai in an tambaye shi. Muka yini a durƙushe muna tsintar masu tsalle. Daga buhu biyu, bokiti ɗaya ya tsira.

Saura kwana biyu aka shiga kwaɗo. Wendell ya ce na'urar markaɗe ta lantarki tana tsorata 'ya'yan itace, don haka ya aro injin niƙan hannu na marigayiya Edna, irin mai mariƙin da ake juyawa, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Na ce teburina bai yi masa laifin komai ba, kada ya kuskura. Ya zagaya gidan, ya dawo da teburin guga.

"Wendell, ƙafafunsa naɗewa suke yi."

"Suna naɗewa ne in an ce su naɗe."

Ya ɗaure injin a hancin teburin, ya ajiye kwano a ƙarƙashin bakin, ya fara juyawa. Kiranberi, lemo da ɓawonsa, tuffa. Ruwan ya riƙa bin mariƙin yana gangarowa gwiwar hannunsa yana ɗiga cikin silifas ɗinsa. Da ɓawon lemo ya toshe, ya ɗauki cokalin katakona, wanda na gada wurin kakata, ya danna. Injin ya yi wani gurnani, mariƙin ya yi tauri, Wendell ya taushe shi da ƙarfin tumbi. Ya zaro cokalin babu kai.

"Ina sauran?" na ce.

"Ya shiga ciki. Itace ne, Doreen, kiranberi ma a jikin itace yake fitowa."

Ya sake dannawa don ya nuna mini babu komai. A nan teburin guga ya gaji, ya durƙusa. Kwanon ya tashi sama, ya juya, ya sauko a kan Wendell kamar an auna. Otis, wanda ya zo duba lafiyar injin matarsa, ya tsaya bakin ƙofar kicin yana kallon kwaɗon na gangarowa daga sanƙon maƙwabcinsa.

"Edna a tebur take ɗaurewa," ya ce.

Abin da muka kwashe daga ƙasa Otis ya kai wa kajinsa. Washegari ya ba mu labarin sun zagaya shi sun wuce.

"Dama kwaɗo ƙari ne," in ji Wendell. "Miya ita ce sarauniya."

Jajibirin biki da hantsi ya ɗora sauran rabin bokitin a wuta. Na miƙa masa sukari, na ce abin nan ɗan karen tsami gare shi, kofi-kofi ake zuba masa.

"Sukari na matsorata ne. Shi ya sa na gwangwani ya lalata muku harshe." Ya zuba cokali ɗaya, wai don girmama al'ada.

Da ruwan ya tafasa, 'ya'yan suka fara fashewa, tas, tas, tas. Kowa ya san haka suke yi, alamar sun nuna ke nan. Wendell ya ja da baya.

"Kin ji? Ɗanɗanon ne ke gudu."

"Nuna suke yi."

"Gudu yake yi, ina jin ƙamshinsa yana fita ta taga."

Ya jawo tukunyar matsi, wadda ake ɗaure wa murfi ta riƙa huci ta ɗan bututu, ya juye komai ciki har baki, ya ɗaure, ya ƙure wuta. Na ce ɓawon zai toshe bututun. Ya ce in je in huta. Tukunyar ta yi huci, ta yi huci, sai ta yi tsit.

"Kin gani? Ta san wanda ke gabanta."

Ni dai na koma bayan firij. Abin da ya biyo baya, wata ƙara ce kamar tayar babbar mota ta fashe, sai jan ruwa ya miƙe daga murfin ya daki silin, ya tsaya yana fesawa. Aka yi ruwan sama a kicin ɗina, ja, mai zafi, mai tsami. Labule, agogon bango, hoton aurenmu, babu wanda bai samu rabonsa ba. Wendell na ƙarƙashin tebur da murfin kwandon shara a ka yana ba ni umarni in kashe wuta.

Ba a kira Otis ba, sai ga shi da tsani a kafaɗa. "Na ga tagarku ta yi ja," ya ce.

Abin da ya rage a gindin tukunyar bai fi cikin kofi biyu ba, kauri kamar kunun da ya kwana. Wendell ya tace shi da sabuwar rigar matashina, ya tsaya yana kallonsa. Karon farko a makonnin nan na ga kafaɗunsa sun sauka. Raina a ɓace yake, kicin ɗina kamar mahauta, amma na kasa ƙara masa.

"Mama dai cewa ta yi irin na Herb," na ce. "Ita zobban nan take so. A kansu ake yankawa."

Ya ɗago a hankali. Ya buɗe kabad, ya ɗauko gwangwanin wake, ya juye waken a kwano, ya wanke shi tas, ya ɗura miyarsa ciki ya sa a firij. "Tun farko shirina ke nan," ya ce.

Da safe ya buɗe gindin gwangwanin ya girgiza a kan faranti. Na riga na tanadi kalaman ta'aziyya. Sai abin ya sulɓo, ya kwanta, santal, yana sheƙi, ga zobba reras a jikinsa kamar an zana. Tunda na auri mutumin nan ban taɓa ganin ya yi abu ya fito daidai haka ba. Shi kansa sai da ya tsorata.

Gidan Mama ya cika, ƙamshin talotalo da kek ɗin kabewa har titi. Manya sun zazzauna, kujerar Kawu Herb na nan wayam kusa da taga, Tina na tsaye bakin ƙofar kicin tana harararta. Wendell ya shigo da sabuwar kwat, ya juye miyarsa a tasar gilashin Mama, ya yaye adikon da ya rufa.

"Aikin hannu," ya ce. "Ko gumi ban yi ba. Kafin Doreen ta gama shan kofi na sauke."

Russ ya sunkuya ya duba ta wannan gefe, ya duba ta wancan. Ya miƙe yana murmushi.

"Suruki, a wane kanti hannun naka yake?"

"Ban gane ba."

"Ga zobba nan. Ga ma sawun murfi a gindi. Kai ka hana kowa shigowa da gwangwani, ashe don naka ya yi kasuwa ne."

Falon ya ɗauki dariya. Goggo Bernice ta ce ita dama ta san za a rina. Na ce musu da idona na ga ya dafa.

"Ke matarsa ce," in ji Russ. "Ke kika ce mana ya iya gyaran famfo."

Mama ba ta yi dariya ba. "Wendell, in saye ka yi, ka ce saye ka yi. Gwangwani ba abin kunya ba ne a gidan nan. Ƙarya ce ba ta zama a teburina. Tina, matso."

Tina ta ɗaga ƙafa. Wendell ya daka tsalle ya tare hanya. "Ina da shaida. Kada kowa ya taɓa kujerar nan."

Ya fita a guje babu ko hula. Ba a jima ba sai ga shi yana jan Otis ta hannun riga, tsohon da silifas ɗin ɗaki da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, ɗayan hannunsa a ɓoye a baya.

"Faɗa musu, Otis."

"Ka ce kada in faɗa."

"Yanzu na ce ka faɗa. Kada ka rage komai."

Otis ya gyara murya. Ya fara daga warin. Mama ta san in Otis ya ɗauko labari sai abinci ya huce, ta ce, "Bawan Allah, zauna ka yi bayani, tsayuwarka na sa mini ciwon wuya." Kujera ɗaya ce babu kowa a kai. Ya zauna.

Ya ba su labarin bene. Russ ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ka manta ban faɗo kawai ba, har kafet na lalata," in ji Wendell. "Faɗa musu kafet ɗin."

Otis ya faɗi kafet. Ya faɗi teburin guga, da cokalin kaka, da kajin da suka ƙi ci.

"Kajin ma suka ƙi?" in ji Goggo Bernice.

"Suka ƙi," Wendell ya amsa da alfahari. "Otis, silin. Gaya musu silin."

Mutumin da ya yi mako yana roƙonmu mu rufa masa asiri, ga shi tsaye gaban dangina kaf yana tuna wa shaida abin da ya tsallake. Har murfin kwandon shara shi ya ƙara da bakinsa. Ya tuɓe kwat ya nuna ƙunar da ke wuyansa. Yara sun baro kicin sun cika ƙofa, mijin Goggo Bernice na share hawaye da adiko.

"Labari dai ya yi daɗi," in ji Russ da ya samu numfashi. "Amma mutum na iya fasa kicin, sannan ya je kanti."

"Ba ni wuƙa," in ji Mama.

Ta bi zobe ta yanka, ya yanku sumul. Ta ɗauki ɗan yanki ta sa a baki. Kowa ya zuba mata ido. Idon Mama na hagu ya rufe kansa. Kumatunta suka shige ciki, leɓunanta suka tattare kamar bakin jakar zare, hannunta ya damƙi gefen tebur. Ta daɗe a haka kafin ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, ta sake kurɓa.

"Nasa ne," ta ce da wata siririyar murya. "Babu kamfanin da zai zuba wannan a gwangwani hukuma ta bar shi a buɗe."

"Kun ji ko?" Wendell ya juya yana duban kowa ɗaya bayan ɗaya. "Russ, ka ji? Nawa ne."

"Na ji, suruki. Na ba ka haƙuri. Naka ne, babu mai ƙwace maka."

Wendell ya mayar da kwat ɗinsa, ya gyara wuya, ya nufi taga da takun ango. A nan ya tarar da Otis zaune, an riga an ɗora masa cinyar talotalo da dakakken dankali a faranti.

"To yanzu da me za mu ci naman?" in ji Mama, tana duban tasar kamar za ta cije ta. Sai idonta ya sauka kan cinyar Otis. "Mene ne kake ɓoyewa a nan?"

Otis ya ɗago hannun a kunyace. Gwangwanin kiranberi ne na kanti, mabuɗin na maƙale a bakinsa, an yanka rabi. "Ina cikin buɗe nawa ya jawo ni," ya ce.

Mama ta tura masa faranti mai tsawo. Ya ƙarasa buɗewa, ya girgiza, abin ya sulɓo da 'yar ƙarar nan da duk muka tashi da ita. Ya bi zobba ya yayyanka. Mama ta ɗanɗana, idonta na hagu ya buɗe.

"Irin na Herb," ta ce.

"Mama, sharaɗina fa," in ji Wendell. "An ce babu gwangwani."

"An ce kada ɗan gidan nan ya shigo da shi. Kai ka jawo shi da hannunka, har da mai shi."

Otis ya yunƙura zai tashi, ya kira Mama da sunanta. "Lorraine, ni ban zo don in..."

"Zauna. Shekara nawa Doreen na kiranka kana ce mata kana da inda za ka? Ga inda za ka. Baɗi ma nan ne, ka zo da gwangwaninka."

Tsohon ya koma ya zauna. Ya ɗauki adiko zai sa a wuya, ya kasa. Idanunsa suka cika, ya sunkuyar da kai yana kallon farantin.

Na san mijina. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga jawabin ya taso masa har maƙogwaro, kuma da hujjarsa, don shekara ashirin ba wasa ba ce. Ya dubi Otis. Ya rufe bakin. Ya miƙa hannu ya soke wa tsohon adikon a wuyan riga, ya ɗauki tasar miyarsa, ya wuce kicin. Tina ta bi bayansa tana gunaguni.

Aka yi addu'a, aka fara ci. Loma biyu na yi na ajiye cokali. Daga inda nake ina hango ƙeyar nan da sanƙon nan tsakanin kawunan yara, ban taɓa jin ina sonsa kamar lokacin ba. Na ɗauki farantina na tashi.

A kicin na tarar an yi layi. Wendell na yanka miyarsa ƙanana-ƙanana, yara na gasar wanda zai haɗiye bai rufe ido ba, Tina ce alƙali. Na jawo 'yar kujera na matsa kusa da shi, gwiwoyina suka daki tebur. Ya dube ni, ya dubi farantina. Sannan ya zunguri Tina da gwiwar hannu.

"Kin gani ko?" ya ce. "Tun ba a je ko'ina ba sun fara baro babban tebur suna biyo ni."